Ci-ranin da Ba a Dawowa da Damina

Wanda zai je Turai daga ƙasar Katsina ba ya tafiya da kayansa shi kaɗai. Tunda labari ya bazu a dangi cewa wani aiki zai kai ni kudancin Sifaniya wayata ba ta huta ba, kuma kiran da ba shi da makawa shi ne na yayata da ke zaune a Batsari. Ɗanta na biyu yana can lardin Almeriya, rabonta da shi an jima, sai dai murya a WhatsApp. Ta ce in zo da ƙafata, saƙonta ba na waya ba ne.

Na shiga motar Batsari ranar Alhamis, ranar kasuwa, domin a wannan yanki yawan jama'a a hanya shi ne rabin kwanciyar hankali. Damina ta ja baya, an fara yankan gero, gonakin rogo da dankali sun yi shar a gindin duwatsu. Da na yaba, direba ya girgiza kai. "Na bakin titi ke nan, Alhaji. Ka nausa yamma kaɗan, gonar da ake ɗaure dami ɗari yanzu sabara ce ta cinye ta."

Yammar da yake nufi dajin Rugu ne, wanda ya bi bayan Batsari da Safana da Ɗanmusa ya haɗe da dazukan Zamfara. Da can makiyaya ce da wurin farauta da itace. Yau duk ɗan Katsina ya san abin da ya zama: maɓoyar 'yan bindiga. A watan Fabrairun 2020 an kashe mutum kusan 30 a Tsauwa da Dankar a dare ɗaya. A watan Afrilun shekarar aka kashe 47 a ƙauyukan Safana da Ɗanmusa da Dutsin-Ma. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Batsari da Safana, sai wajen ƙarshen shekara aka maido. An yi sulhu an sake, an kafa rundunar tsaron al'umma a 2023 zamanin Gwamna Dikko Raɗɗa, an kuma sake zaman sulhu a 2025. Mutane sun ce an samu sauƙi, amma da "in Allah ya yarda" suke rufe maganar, kuma wanda ya riga ya kwashe iyalinsa zuwa gari bai yi gaggawar komawa ba.

Yaya tana cikin waɗanda suka kwaso. Daga gida mai rumbu uku a wani ƙauye na ƙasar Safana ta dawo ɗaki da rumfa na haya a bayan kasuwar Batsari, kuma ɗan da ke Sifaniya ne ke biyan hayar. Ta jera mini kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yajin ƙuli, kowanne a ƙulle cikin leda biyu. Kilishi ne muka yi ja-in-ja a kai, don ba a shiga ƙasashen Tarayyar Turai da nama a jaka, ita kuma ta ɗauka ƙyuya ce kawai ta 'yan boko. Da ta gama ɗaure kayan sai ta rage murya. "Ka dube shi da idonka. Hoto ƙarya yake yi. Ka ga in yana cin abinci, ka ga inda yake kwana, kuma ka tambaye shi wace damina zai zo."

Fita neman kuɗi ba baƙon abu ba ne a nan. Tun kakanni, da an kai amfanin gona gida samari ke ɗaukar buhu su tafi ci-rani, Kano ko Kaduna ko Ikko, ga-ruwa, dako, yankan farce, gadi, su dawo da ruwan shuka. Daga baya Abuja ta shigo, sai haƙar zinariya a arewacin Nijar, sai aikin gini a Aljeriya da Libiya, ga kuma masu zuwa Saudiyya su maƙale. Masu kaiwa Sifaniya 'yan ƙalilan ne, a yatsu ake ƙirga su, kuma kusan babu wanda ya bar gida da niyyarta. Hanya ce ke miƙa mutum daga zango zuwa zango har ya tsinci kansa a bakin teku.

Zuwa Safana na zaga ta Dutsin-Ma, bisa shawarar masu mota. Baffan yaron na zaune a ƙofar gida kan buzu, kuma saƙonsa ya fi na Yaya kaifi: gonar gado tana nan ba a raba ba, yarinyar da aka yi masa kamu iyayenta sun gaji da jira. "Malam, ka gaya mashi, kowa ya bar gida, gida ya bar shi." Na amsa da to, don ba a musu da dattijo a ƙofar gidansa. A raina kuwa na san wannan karon gidan ne ya fara tashi. Shi kansa baffan rabonsa da taka waccan gona tun kafin yaron ya tafi.

Abin da ya ba ni dariya shi ne yadda Safana ta san Sifaniya ba tare da ta sani ba. A gidan kallon ƙwallo an rubuta wasannin mako da alli a jikin allo, yara sun rabu biyu, 'yan Barcelona da 'yan Real Madrid, suna kawo sunan Umar Sadiq ɗan Kaduna, wanda ya ci wa kulob ɗin Almeriya ƙwallaye daga 2020 kafin Real Sociedad ta saye shi a 2022. Manyansu na tuna Haruna Babangida da ya shiga makarantar ƙwallon Barcelona yana yaro. A zauren malam kuma, taku kaɗan daga nan, ƙasar ce dai ke kan buzu da wani suna, Andalus. Alfazazi mai Ishiriniyar da ake rerawa da Maulidi a Ƙurɗuba aka haife shi. Ibn Malik mai Alfiyya mutumin Jayyan ne, garin da yau ake kira Hayen. Alƙali Iyal mai Ashafa haifaffen Sabta ne, ya kuma yi alƙalanci a Garnaɗa. Sabtar nan ita ce Seuta, ɗaya daga garuruwa biyu na Sifaniya da ke gaɓar Maroko, waɗanda yau aka kewaye da dogon shingen waya don kada jikokin masu karanta Ashafa su shiga.

Tawa tafiyar ba ta da labari. Biza daga ofishin jakadanci, jirgi zuwa Kasablanka, wani zuwa Malaga, sai bas da ta bi gaɓar Bahar Rum ta yi gabas, teku a dama, tsaunuka a hagu. Bayan Motril da Adra ƙasa ta buɗe, sai ido ya daina ganin ƙasa. Daga gindin tsaunin Gador har bakin ruwa farar leda ce, rumfa manne da rumfa, babu bishiya, babu fili, sai siraran hanyoyi da tafkunan tara ruwa. A lardin Almeriya rumfunan nan sun haura hekta 30,000, ana hango su daga sararin samaniya, kuma abin da suke fitarwa a shekara ya wuce tan miliyan 3 na tumatir da tattasai da kokwamba da gauta da kankana. Mafi yawansa manyan motoci masu sanyi ke kwashewa zuwa Jamus da Faransa da Ingila da Holan. Duk wannan a yankin da ruwan samansa na shekara bai cika wuce milimita 200 ba, wato ko rabin na Katsina bai kai ba.

A San Isidro na sauka, cikin gundumar Nihar, gabas da birnin Almeriya. Tun kafin in gane ɗan Yaya ya gane ni. Ya jingine kekensa, ya zube a tsakiyar tasha yana gaisuwa, Turawa na wucewa suna kallo. "Kawu, sannu da hanya. Ya aka baro su Inna?" Ya yi baƙi, ya bushe, kafaɗa ta buɗe, tafin hannunsa ya yi kanta, gefen yatsun ya rine da koren ganyen tumatir wanda sabulu ba ya fitarwa. A hoton da ke wayar Yaya yana tsaye ne da farar riga a jikin wata jar mota. Na tambaye shi motar, ya yi dariya ya ce ko mai ita bai sani ba.

Labarin hanyarsa a gutsure na same shi, wani a kan tuwon semo da miyar kukar da na kawo, wani a kan keke. Ya fita ta Jibiya da Magama zuwa Maraɗi bayan hare-haren 2020, da niyyar yin rani ɗaya a Aljeriya. Agadas, Arlit, Assamaka, Tamanrasat. A lokacin dokar Nijar ta 2015 da ta haramta jigilar baƙin haure tana aiki, sai a Nuwamban 2023 sojoji suka soke ta, don haka direbobi kan kauce wa rijiyoyin da aka sani su bi ta inda in mota ta lalace shi ke nan. Ya yi leburancin gini a arewacin Aljeriya. An kama shi, an zubar da su a bakin iyaka cikin dare suka taka zuwa Assamaka, ya huta ya sake komawa. Watannin da aka katse waya a gida yana can, kuɗi a hannu, babu hanyar sanin ko uwarsa na da rai. Ya ce a watannin nan ne ya fid da rai da komawa gona. Ya tsallaka Maroko, amma bayan abin da ya faru a shingen Malila, ɗayan garin nan na Sifaniya da ke gaɓar Maroko, ranar 24 ga Yunin 2022, inda aƙalla mutum 23 suka mutu, ya yi kudu zuwa gaɓar Tantan, ya shiga kwale-kwalen roba zuwa tsibiran Kanari a 2023. A shekarar mutum 39,910 suka isa tsibiran ta ruwa, a 2024 kuma 46,843. Ƙungiyar Caminando Fronteras ta ƙiyasta cewa a 2024 kaɗai sama da mutum 10,000 sun halaka a hanyoyin ruwa na zuwa Sifaniya. Game da daren teku bai ce komai ba, ni ma ban tona ba.

Mai gonar da yake wa aiki ya yarda in shiga, bayan na taka wani tabarmin magani a ƙofa. Ƙarfe goman safe ne amma ciki ya zama madambaci, zafi da tururi ta ko'ina, numfashi da ƙyar. A nan na daɗe, domin ni ma ɗan manomi ne. Ƙasar ba ta wurin ba ce, ginata aka yi: jar ƙasa a ƙasa, taki a tsakiya, yashi a sama don ya riƙe laima ya hana gishiri tasowa. Kowane gindin tumatir da bakin tiyonsa, ruwa da takin zamani na ɗiga masa a ma'auni, na'ura ce ke buɗewa da rufewa. Tumatirin ba ya kwanciya, a jikin zare ake naɗe shi ya hau sama ya wuce tsayin mutum, ana cire masa 'ya'yan reshe, ana tsinka wata da watanni. Ga akwatunan kwali na wasu manyan ƙudan zuma da ake saye don su yi barbarar fure, ga ƙwarin da ake saki da gangan don su cinye masu ɓarna. In zafi ya tsananta sai a hau rufin a shafe shi da farar ƙasa. Na ga tarkon wani ɗan malam-buɗe-littafi, na tambaya, ashe tsohon abokin gaba ne: tsutsar nan da manomanmu ke kira sharon, wadda ta shigo Sifaniya daga Kudancin Amurka a 2006, ta bi arewacin Afirka ta gangaro, ta cinye tumatirin Kano da Kaduna da Katsina a 2016. Ita ba a tambaye ta takarda ba a kowace iyaka.

Masu gonakin ba wasu hamshaƙai ba ne. Yawancinsu iyali ne masu hekta biyu ko uku, jikokin talakawan da suka sauko daga ƙauyukan tsauni. Almeriya tana cikin lardunan da suka fi talauci a ƙasar, mutanenta su ne 'yan ci-rani a da, suna tsallakawa Oran ta Aljeriya, daga baya Barcelona da Jamus. A 1963 aka gwada rumfar leda ta farko a wajen Roketas. Abin da ya ɗaga su rijiyoyin burtsatse ne, da bashin banki, da ƙungiyoyin haɗin gwiwa irin su CASI masu tacewa da sanyayawa da nemo kasuwa, da titi mai kai kaya Jamus kafin ya ruɓe. Sun kuma ja ruwan ƙasa har ya fara gishiri, yanzu suna tace na teku a Karboneras su ƙara, tsohuwar leda kuma ta cika kwazazzabai. Duk da haka ina tsaye a wurin tunanina na kan madatsar ruwa ta Zobe, can kusa da Dutsin-Ma, da aka gama tun 1983, ruwa kwance shekara da shekaru, da kwandunan tumatirin Ɗanja da ke narkewa a bakin titi duk kaka. Yaron da ke naɗe zare a gabana ya fi mai gonar juriyar rana. Abin da ya rasa a gida ba ƙarfi ba ne, kuma ba ƙasa ba.

Maganar kuɗi ita ce wadda ake ji a gida, ita ce kuma aka fi jin rabinta. Mafi ƙarancin albashi a Sifaniya a 2025 Yuro 1,184 ne a wata, ana biya sau 14 a shekara. In ka buga da canjin lokacin da ya haura naira 1,600, ka tuna namu naira 70,000 ne, ba sai an yi wa saurayi wa'azin tafiya ba. Amma wannan albashin mai takarda ne. Marar takarda da yini ake biyansa, abin da mai gona ya ga dama, ranar da babu tsinka babu ko sisi. Da asuba za ka gan su a shataletale da rigunan nan masu ƙyalli, kowa da kekensa, suna jiran motar da za ta tsaya ta nuna mutum biyu ko uku da yatsa. Wani da katin wani yake aiki, sunan wani, gumi nasa, kuɗin fansho na mai kati.

Takardar kuwa tsani ce mai hawa-hawa, kuma hawan farko shi ne rajistar mazauna gari, wadda suke kira padron. Da ita ake ganin likita, da ita ake ƙirga wa mutum kwanakin zamansa. Sai a cika shekaru a ƙasar ba tare da laifi ba, da uku ne, daga 20 ga Mayun 2025 aka mai da su biyu. Sai a samu mai gonar da zai sa hannu a kwantaragi, sai takardar shaidar rashin laifi daga Najeriya da fassararta da hatimanta, sai a samu ranar ganawa a ofishin baƙi, wadda ita ma sai an yi da gaske. A kowane hawa akwai mai sayarwa: mai gida da zai karɓi kuɗi ya rubuta ka a adireshinsa, dillalin kwantaragi da zai nemi dubban Yuro. "Kawu, nan ba ɗan sanda ne ke kama ka ba," in ji shi. "Jira ne."

Inda yake kwana yanzu tsohon ɗakin gona ne a tsakiyar rumfuna, su shida, shi da 'yan zangon Kumasi biyu masu Hausa zaƙi-zaƙi, da Bazabarme, da 'yan Mali. Akwai wuta, ruwa a jarka. Ya ce wannan daula ce, ya kai ni Atochares in ga inda ya fara zama: unguwa guda ta bukkokin katakon lodi da tsohuwar ledar gona, wayoyin wuta a sama a harɗe, gobara na tashi a kai a kai. Wata irinta, El Walili, hukuma ta rushe ta a Janairun 2023. A cikin bukkokin akwai masallaci da shago da mai aski, har da mai sayar da shayi. Na ɗauki hoton ɗakinsa na yanzu saboda Yaya. Na Atochares ban ɗauka ba, shi ya roƙe ni.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a tafiyar nan lissafin watanni ne. A Almeriya ana dashe daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba, a yi ta tsinka duk hunturu, a rufe da kankana wajen Mayu da Yuni. Yuli da Agusta zafi ya yi yawa, rumfuna a tsaye, ana shara da gyara, leburori na bin aikin tsinkar 'ya'yan itace zuwa Yeida a Kataloniya. Watannin da babu aiki a can su ne na noma da maimai a Batsari. Da a ce mutum zai iya shiga da fita, da babu ci-ranin da ya kai wannan dacewa da manomin Katsina: ya yi rani a rumfar leda, ya yi damina a gonarsa. Tsarin ma yana nan. Duk shekara ana ɗauko dubban mata daga Maroko su tsinki strawberry a Huwelba su koma gida, kuma a Agustan 2024 Firaminista Pedro Sánchez ya zaga Muritaniya da Gambiya da Senegal yana sa hannu kan irin wannan yarjejeniya. Bai biyo ta Abuja ba. Marar takarda kuwa in ya fita bai da hanyar dawowa sai ta teku, don haka ba ya fita, ko da rasuwa aka yi masa. Masu zama a ofis da ke cewa matasa su zauna gida su yi noma, su je su faɗa wa wanda 'yan bindiga suka sa wa harajin girbin gonarsa. Masu aiko hoto a jikin motar mutane su ma suna da nasu alhakin.

Ba yau 'yan Najeriya suka fara yi wa Sifaniyawa noma ba. Tsibirin Fernando Po, wanda yau yake Biyoko a Ikwatoriyal Gini, da gumin leburorin Najeriya ya yi arzikin koko, akasarinsu daga kudu maso gabas, ƙarƙashin yarjejeniyar 1942 tsakanin Ingila da Sifaniya, Hausawa kuma na kasuwanci a babban garin. Ƙarshenta jiragen ruwa gwamnatin Najeriya ta tura a 1975 da 1976 ta kwaso mutanenta daga hannun Macías Nguema, shugaban Ikwatoriyal Gini a lokacin. Su aƙalla da kwantaragi suka tafi.

Ranar Lahadi muka shiga birnin Almeriya, muka hau ganuwar Alkasaba da Halifa Abdurrahman na Uku ya sa aka gina a 955. Daga sama ana ganin tashar jiragen ruwa masu zuwa Nador da Malila da Oran. Na ba shi labarin Judar Basha, ɗan wannan lardi daga garin Kuwebas, wanda aka kama yana yaro ya tashi a fadar Maroko, ya ja runduna ya ƙetare Sahara ya karya daular Songhai a Tondibi a 1591. Ya saurara don ladabi, amma idonsa na kan jirgin Nador da ke fita, ya ce a 'yan sa'o'i yake yin abin da ya ci masa shekaru.

Da yamma ya kai ni Roketas gaida wani dattijo Bamaraɗe da suke kira Baba, wanda duk Bahaushen da ya sauka yankin sai an kai shi wurinsa. Gida ne na bene a unguwar baƙi, da labule da kujeru da hoton Ka'aba. Da ya ji daga inda na fito sai ya ce ai gida ɗaya ne, su ma Katsinawa ne, jihadi ne ya kai kakanninsu Maraɗi. Ya shigo ƙasar tun ƙarshen shekarun 1990. Yana El Ehido a Fabrairun 2000, lokacin da kisan wasu 'yan gari uku ya sa aka yi kwanaki ana farautar baƙi ana ƙona masu ɗakuna. Ya samu takarda a 2005, lokacin da gwamnatin Zapatero ta halatta zaman sama da mutum rabin miliyan. Tun daga nan ya koma ainihin ɗan ci-rani: Yuli a Maraɗi, Satumba a rumfa. Iyalinsa bai taɓa kawo su ba.

Yanzu gwiwa ta fara ba shi matsala, lissafinsa ya koma na tsufa. Fansho a nan sai wanda aka biya wa kuɗin inshora na aƙalla shekara 15, shekarun ritaya kuma ana ta ɗaga su zuwa 67, shi kuwa shekarunsa na farko duk a banza suka tafi, babu inda aka rubuta su. Zama ɗan ƙasa na buƙatar shekara 10 da takarda da jarrabawar harshe, alhali mutumin Kolombiya ko Ikwatoriyal Gini shekara biyu ta ishe shi. Bai nema ba. Katinsa na dogon zama kuma yana mutuwa in ya yi wata 12 a jere a wajen Turai, don haka ko ya koma gida sai ya riƙa leƙowa, ga asibitin nan da ba ya son rabuwa da shi. Suna da asusu da kowa ke zuba wani abu duk wata, na mai da gawa gida, don maƙabartun Musulmi a nan kaɗan ne.

"Baba, to a ina za a huta?" na tambaye shi.

"Ɗana, inda aka ga dama ake haihuwar mutum? Ni dai na gina ɗaki a Maraɗi, na kuma biya asusu."

Sai ya juya kan yaron, ya tambaye shi ko takardar rashin laifin ta iso daga Abuja, ya ce ta iso. Mai gona fa, ya sa hannu? Ya ce ya yi alkawari bayan tsinkar farko. Baba ya ce alkawarin mai gona sai an bi shi da ƙafa, ranar Talata za su je tare, shi zai yi magana don ya fi shi Sifaniyanci. A nan na isar da saƙon baffansa na gona da na aure, a gaban dattijo, yadda ya kamata. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce a ba yarinyar haƙuri, in ta samu wani kada a hana ta. Gona kuma a bar wa ƙannensa in hanya ta buɗe, shi fili yake so a nema masa a Dutsin-Ma, kusa da jami'a, inda ɗakin haya ba ya kwana babu mutum. Damina kuwa, ya ƙirga da yatsu: in an karɓi takardunsa kafin ƙarshen shekara, in amsa ta fito, in kati ya fito, ba wadda ke tafe ba, ta bayanta. Baba ya ce ya ƙara wata ɗaya a kai kafin ya faɗa wa uwarsa.